BABI NA HUƊU: TARBIYYAR ƊALIBAI KAN KISHIN ƘASA DA RAYA AL'UMMA A YAMMACIN ZAMFARA: DARASI DAGA ANNOBAR GUBAR DALMA

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ma'anar ɗan ƙasa na gari, da kuma abin da ake nufi da al'umma mai ɗorewa, wato al'ummar da ke cin moriyar ƙasarta da ruwanta da dazukanta ba tare da ta toshe wa 'ya'ya da jikoki hanyar cin tasu moriyar ba. A wannan babi kuwa za a dubi yadda aka riƙa cusa wa yara wannan tarbiyya a ƙasashen Anka da Bukkuyum da Gummi, tun daga tarbiyyar gida da makarantar allo har zuwa darussan makarantun boko. Daga nan sai a auna wannan tarbiyya da wani babban al'amari da ya auku a yankin, wato annobar gubar dalma ta shekarar 2010, wadda ta yi sanadiyyar mutuwar yara fiye da 400.

Dalilin zaɓen wannan annoba shi ne, a cikinta ne sana'a da muhalli da lafiya da hukuma suka haɗu wuri ɗaya. Saboda haka ita ce ma'auni mafi dacewa da za a gane ko abin da ake karantar da ɗalibi a cikin aji yana da alaƙa da abin da zai tarar a tsakar gidansu idan an tashi daga makaranta.

4.1 Ƙasar da Mutanenta

Ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da Gummi suna daga cikin ƙananan hukumomi 14 na Jihar Zamfara, wadda gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996. Dukkansu uku suna cikin mazaɓar ɗan majalisar dattawa ta Zamfara ta Yamma. Gulbin Zamfara ya ratsa yankin daga gabas zuwa yamma, shi ya sa ake samun fadamu masu albarka, musamman a ƙasar Gummi. Mafi yawan jama'a Hausawa ne da Fulani, kuma noma da kiwo su ne manyan sana'o'insu, sai kuma su da fatauci.

Ta fuskar tarihi, Anka tana da matsayi na musamman. Bayan da Gobirawa a ƙarƙashin Sarki Babari suka ci Birnin Zamfara da yaƙi a shekarun 1760, gidan sarautar Zamfara ya yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, har ya zo ya zauna a Anka a ƙarni na 19. Wannan ne ya sa ake kiran sarkin garin Sarkin Zamfaran Anka. Haka kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi da karantarwa a ƙasar Zamfara kafin jihadin 1804. Wato ke nan ilmi da tsarin shugabanci ba baƙin abubuwa ba ne a wannan yanki.

Wani abin da ya kamata a ambata shi ne zinariya. An haƙi zinariya a ƙasar Zamfara tun zamanin Turawan mulkin mallaka, musamman a shekarun 1930, sannan aikin ya ja baya. A wasu wurare na Anka da Bukkuyum dutsen da ke ɗauke da zinariya yana haɗe da dalma mai yawa, irin dutsen nan mai ƙyalli da ake yin kwalli da shi. Wannan haɗi shi ne asalin musibar da za a yi bayani a gaba.

4.2 Tarbiyyar Gargajiya da ta Addini

Tun kafin zuwan makarantar boko, Bahaushen Zamfara yana da hanyoyin da yake koya wa yaro cewa gari na kowa ne. Babbar hanya ita ce aikin gayya. Idan za a yi noman gonar wani dattijo, ko yashe rijiya, ko gyaran hanya da maƙabarta, ko yaɓen masallaci kafin damina, sai a yi shela, samari su fito a ƙarƙashin sarkin samari, yara kuma su bi su da ɗibar ruwa da miƙa kayan aiki. Yaron da ya tashi yana ganin haka ba ya bukatar a fassara masa karin maganar nan da ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Hanya ta biyu ita ce tsarin sarauta. Yaro ya san mai unguwa, ya san dagaci, ya san hakimi, ya kuma san cewa ƙara tana hawa ne daga ƙasa zuwa sama. Ban da waɗannan akwai sarakunan sana'a kamar sarkin noma da sarkin ruwa da sarkin pawa, waɗanda ke tsare ƙa'idojin sana'arsu. Su ne ke hana cin burtali da noma, da ɓata mashaya, da kamun kifi ba a kan lokaci ba. Idan aka lura, waɗannan ƙa'idoji su ne ainihin abin da masana ke kira ɗorewar al'umma a yau. A zamanin En'e kuma aka ƙara da duba-gari, wanda ke shiga gida-gida yana duba randa da masai da kwata.

Hanya ta uku ita ce makarantar allo da ta zaure. Littattafan farko da almajiri ke karantawa, irin su Ahalari da Ishmawi, suna koyar da tsarki da hukuncin ruwa, malamai kuma suna yawan jan kunne a kan haƙƙin maƙwabci da kawar da cuta daga hanya.

Duk da haka, wannan tarbiyya tana da iyaka. Ƙazantar da ta sani ita ce wadda ido ke gani ko hanci ke shaƙa. Ruwa ana gane lalacewarsa ne idan launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ya jirkita. Gubar dalma kuwa takan kwanta a cikin ƙasar tsakar gida da aka share fes, babu wari, babu alama. Matar da ta fi kowa tsafta a unguwa tana iya rasa ɗanta ta wannan hanya ba tare da ta san dalili ba. A nan ne ake bukatar ilmin zamani ya cike giɓin.

4.3 Darasin Kishin Ƙasa a Makarantun Boko

Yaɗuwar makarantun firamare a ƙauyukan wannan yanki ta samu ne sosai bayan shekarar 1976, lokacin da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. A shekarar 1977 aka fito da Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda ta sanya renon ɗan ƙasa na gari a cikin manyan manufofinta, ta kuma tanadi a koyar da yara da harshen uwa ko harshen yankinsu a azuzuwan farko. Darasin da aka ɗora wa nauyin wannan tarbiyya shi ne ilmin zaman jama'a, wanda ya haɗa tarihi da labarin ƙasa da sanin haƙƙoƙin ɗan ƙasa.

A shekarun 1980 gwamnatocin soja sun bi ta wata hanya daban. A watan Maris na 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, wanda ya kawo bin layi da sharar gari ta dole. A 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar MAMSER don wayar da kan jama'a, wadda daga baya, a 1993, Hukumar Wayar da Kai ta Ƙasa ta gaje ta. A ɓangaren muhalli kuma, jibge shara mai guba da aka yi a garin Koko da ke kudancin ƙasar nan a 1988 shi ya sa aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a wannan shekarar. Abin lura a nan shi ne, yawancin waɗannan shirye-shirye umurni ne daga sama. Sun koya wa ɗalibi biyayya da rera taken ƙasa da ɗaukar tsintsiya, amma ba su ba shi ƙarfin gwiwar tambayar hukuma ba.

Bayan dawowar mulkin farar hula, Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya a garin Sakkwato a watan Satumba na 1999, aka yi masa doka a 2004. A ƙarƙashinsa ne Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilmi ta Ƙasa ta tsara manhajar shekara tara, wadda ta fara aiki a 2008, ta kuma mayar da ilmin zama ɗan ƙasa darasi mai zaman kansa. A 2011 aka wajabta shi a babbar sakandare. An sake fasalin manhajar a 2012, aka kuma sake a 2025, amma jigon darasin bai fita daga cikinta ba.

A matakin duniya ma ba a zauna ba. Rahoton kwamitin Brundtland na 1987 da taron Rio na ƙasar Burazil na 1992 su ne suka yayata batun ci gaba mai ɗorewa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarun 2005 zuwa 2014 don ilmantarwa a kan haka, sannan a 2015 ta sanya shi cikin muradun ci gaba 17 da ake son cim ma kafin 2030.

Idan aka yi la'akari da waɗannan shekaru za a ga cewa annobar Zamfara ta faru ne shekara biyu bayan shigar sabon darasin cikin manhaja, kuma a tsakiyar shekaru goman da duniya ta ware. Sai dai manhaja ɗaya ce aka tsara wa ƙasa baki ɗaya, littattafanta da Ingilishi, misalanta kuma na gama-gari. Tana maganar zaɓe da dimokuraɗiyya da zubar da shara, alhali kuwa haɗarin da ke fuskantar yaron Dareta yana cikin turmin mahaifiyarsa.

4.4 Annobar Gubar Dalma ta 2010

Daga shekarar 2008 farashin zinariya ya yi ta hawa a kasuwannin duniya, har ya haura dalar Amurka 1,000 a kan kowane oza a 2009. Wannan ya ja hankalin manoman Anka da Bukkuyum, musamman da rani lokacin da babu aikin gona. Maza kan haƙo dutse daga rami su kawo shi gari cikin buhuna. A gida sai a farfasa shi da guduma ko a daka a turmi, a niƙa shi da injin niƙa irin na hatsi, a wanke garin da ruwa, sannan a zuba zaiba don ta kama zinariyar. Shigo da aikin cikin gida yana da dalilinsa: tsoron ɓarayi, da kuma bai wa matan da ke cikin kulle damar samun ɗan abin hannu. Ta haka ƙurar dalma ta bi ɗakuna da tsakar gida da shanyar hatsi da kududdufai.

Ƙananan yara ne suka fi cutuwa, domin a ƙasa suke wasa, hannunsu kullum yana baki, jikinsu kuma yana zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babban mutum. Alamar farko da aka gani ita ce mutuwar agwagi a ƙauyukan, amma ba a ɗauke ta da muhimmanci ba. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke zagayen sa ido kan cutar sanƙarau, suka tarar da yara suna mutuwa da yawa bayan amai da ciwon ciki da jijjiga, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi musu aiki. Da aka gwada jininsu sai aka tabbatar dalma ce.

A watannin Mayu da Yuni na wannan shekara, masana daga Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka tare da jami'an lafiya na Nijeriya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka bi gida-gida a Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. Sun gano cewa daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara ɗaya, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Daga cikin yaran da aka gwada kuma, kashi 97 cikin 100 suna da dalmar da ta kai maikurogiram 45 ko fiye a kowane desilita na jini, wanda shi ne mizanin da ake fara ba da magani. An taɓa samun makamancin wannan a wata unguwa da ke gefen birnin Dakar na ƙasar Senegal tsakanin 2007 da 2008, inda yara 18 suka mutu saboda sana'ar fasa tsofaffin batura, amma na Zamfara ya zarce shi nesa ba kusa ba.

4.5 Aikin Kwashe Ƙasa

MSF ta buɗe wuraren jinya a asibitocin Anka da Bukkuyum, inda ake ba yara maganin da ke ɗaure dalma ya fitar da ita ta fitsari. To amma magani ba ya da amfani idan yaro zai koma gidan da gubar take. Saboda haka dole sai an tsabtace gari tukuna. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, dukansu daga Amurka, su ne suka tsara aikin tare da Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Zamfara. Akan auna ƙasa da wata na'urar hannu, a kankare saman wadda ta gurɓata da fartanya da shebur, a zuba a buhuna a kai wani rami da aka tanada a bayan gari a binne, sannan a kawo sabuwar ƙasa mai tsabta a shimfiɗa.

An gudanar da zangon farko a Dareta da 'Yargalma a watannin Yuni da Yuli na 2010. Zango na biyu ya gudana daga Oktoba 2010 zuwa Maris 2011 a Abare da Sunke da Tungar Daji da Duza da Tungar Guru. Mutanen ƙauyukan ne suka yi aikin ƙarfin, sarakuna kuma suka ba da umurni a fitar da niƙan dutse zuwa bayan gari. Ba don sa bakin sarakuna da masu unguwanni ba, da baƙin maza ba su sami izinin shiga gidajen aure ba. A taƙaice, ilmin na'ura ya zo daga waje, amma tsohon tsarin gayya da na sarauta ne ya ɗauke shi ya kai shi tsakar gida.

4.6 Bagega: Misalin Ɗan Ƙasa Mai Motsi

Garin Bagega da ke ƙasar Anka ya fi sauran girma, gurɓatarsa kuma ta fi yawa, don haka kuɗin agaji bai kai gare shi ba. Aka bar kimanin yara 1,500 suna jiran magani. A farkon 2012 ƙungiyar kare haƙƙin bil'adama ta Human Rights Watch ta yi kira ga gwamnatin tarayya da ta ɗauki mataki. A watan Mayu na wannan shekara aka yi babban taro a Abuja a kan annobar, aka kuma yi alkawarin naira miliyan 850, amma shekara ta ƙare kuɗin ba su fito ba.

A wannan tsakani ne wasu matasa biyu, Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, suka fara wani yunƙuri mai suna Follow The Money, ma'ana bin sawun kuɗi. Sun ziyarci Bagega, suka ɗauko hotuna da muryoyin mutanen gari, suka watsa a Twitter da Facebook da gidajen rediyo, suna tambaya guda: ina kuɗin da aka yi alkawari? Shugaban kwamitin muhalli na majalisar dattawa na wancan lokaci, Sanata Bukola Saraki, shi ma ya sa baki. A ƙarshen watan Janairu na 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya amince a saki kuɗin. Aka fara kwashe ƙasa a Fabrairu, MSF ta fara ba da magani a Afrilu, aka kammala aikin tsabtacewa a Yuli.

Wannan labari ya cancanci shiga aji saboda dalilai uku. Na farko, ya nuna cewa akwai hanyar neman haƙƙi ba tare da tashin hankali ba. Na biyu, ya fassara tsarin mulkin 1999 a aikace: sashe na 20 ya ɗora wa hukuma kare muhalli, sashe na 24 ya ɗora wa ɗan ƙasa taimaka wa ci gaban al'ummar da yake zaune a cikinta, sashe na 44 kuma ya mallaka wa gwamnatin tarayya dukkan ma'adinai, wanda shi ya sa ƙorafin ya nufi Abuja. Na uku kuwa abin takaici ne, domin muryar da ta kai ga kunnen shugaban ƙasa daga wajen yankin ta fito. Mutanen Bagega sun san ciwonsu, amma ba su da masaniyar yadda kasafin kuɗi ke tafiya, ko ƙofar da za su ƙwanƙwasa idan ta wuce ta hakimi da sarki. Cike wannan giɓi shi ne aikin darasin zama ɗan ƙasa.

4.7 Abin da ya Rataya a Wuyan Makaranta

A farkon shekarar 2022 MSF ta miƙa aikin dalma ga gwamnatin jiha, bayan ta gwada jinin yara fiye da 8,000 a cikin kimanin shekara 12. Kafin nan ta yi aiki da ƙungiyar Occupational Knowledge International wajen koya wa mahaƙa niƙa dutse da ruwa don kashe ƙura, da yin wanka da sauya tufafi kafin komawa gida. Sai dai ƙasar da aka shimfiɗa tana iya sake gurɓata da buhu ɗaya na dutse. Ɓullar irin wannan annoba a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a Jihar Neja a 2015, inda yara 28 suka mutu, ta nuna cewa darasin bai isa ko'ina ba. Tun da baƙin masana sun tafi, makaranta ce wurin da ya fi dacewa ya riƙe wannan sani. Bisa ga haka, ana iya fitar da abubuwa kamar haka:

(a) A karantar da tarihin annobar da Hausa, da sunayen garuruwan da ɗalibai suka sani. Gani ya kori ji, kuma ramukan da aka binne ƙasar suna nan a bayan gari.

(b) A haɗa darasin da na kimiyya, ta yadda ɗalibi zai bi sawun ƙura daga injin niƙa zuwa tufafin mahaƙi, zuwa tabarma, zuwa hannun jariri. Haka kuma a sanar da shi cewa mutuwar agwagi da kaji ba dalili alama ce da ake kai rahoto.

(c) A fi mayar da hankali ga 'yan mata, domin su ne ke goyon ƙanne da shara da taya daka, kuma su ne iyayen gobe.

(d) A koya wa ɗaliban sakandare rubuta takardar koke, da sanin ofishin kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa, da yadda ake karanta allon kwangila. Kwamitin kula da makaranta na iyaye da malamai wuri ne da za su fara gwada wannan.

(e) A jawo malaman allo da na Islamiyya cikin shirin, tun da yara masu yawa a hannunsu suke.

Wani nauyi na daban shi ne na yaran da suka tsira. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnar da ta yi ba ta gyaruwa gaba ɗaya ko da an sha magani. Yaran da suke goye a 2010 su ne suka cika azuzuwan firamare bayan shekara biyar zuwa goma. Malamin da bai san wannan tarihi ba yana iya kiran irin wannan yaro daƙiƙi, ya bi shi da bulala a kan abin da ba laifinsa ba.

Darasin bai tsaya ga dalma kaɗai ba. A ƙasar Gummi gulbi ne babban al'amari. A watan Agusta na 2024 ambaliya ta rushe gidaje masu yawa a garin Gummi, a watan Satumba kuma wani kwalekwale da ya ɗauko manoma zuwa gonakinsu ya kife, aka yi asarar rayuka da dama. Saboda haka ɗalibin Gummi ya kamata a karantar da shi illar gini a hanyar ruwa, da toshe kwalbati da shara, da sare itatuwan bakin gulbi, da lodin jirgi fiye da ƙima. Ƙa'idar ɗaya ce: kowace makaranta ta fara da haɗarin da ke ƙofarta.

4.8 Matsalolin da ke Kan Hanya

Babbar matsala ita ce rashin tsaro. Ranar 26 ga Fabrairu, 2021 'yan bindiga suka sace ɗalibai mata 279 a makarantar Jangebe ta ƙaramar hukumar Talata Mafara, maƙwabciyar Anka. A watan Satumba na wannan shekara, bayan sace wasu ɗalibai a ƙasar Maradun, gwamnatin jiha ta rufe makarantu, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. A farkon Janairu 2022 aka kai munanan hare-hare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, jama'a da yawa suka yi gudun hijira zuwa manyan garuruwa. Yaron da ya ga an ƙone garinsu, da wuya a gamsar da shi cewa hukuma na tare da shi ta hanyar karanta masa littafi kawai.

Matsala ta biyu ita ce talauci. Kuɗin da yaro zai samu a bakin rami a yini ɗaya yana gani a hannunsa, amfanin boko kuwa sai an jira shekaru. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019 saboda matsalar tsaro, ta kuma ɗage hanin a Disamba 2024. Hani irin wannan yana da nasa haɗari, domin wanda ke tsoron kamu yakan ɓoye aikinsa a cikin gida, inda yara suke.

Matsala ta uku ita ce ƙarancin ƙwararrun malamai da lalacewar azuzuwa, wanda ya kai Gwamna Dauda Lawal ga ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a watan Nuwamba na 2023. Darasin da ake son ya zama aiki yakan koma hadda don cin jarrabawa idan malami ɗaya ne ke riƙe da azuzuwa da yawa.

4.9 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa mutanen Anka da Bukkuyum da Gummi sun gaji tarbiyyar taimakon juna ta hanyar gayya da sarauta da makarantar allo, sannan makarantar boko ta zo da darasin kishin ƙasa wanda ya sha sauye-sauye daga 1977 zuwa 2025. Annobar 2010 ta bayyana raunin kowane ɓangare. Tarbiyyar gargajiya ba ta san gubar da ido ba ya gani ba, manhajar boko kuma ba ta sauko zuwa tsakar gida ba. An sami nasara ne lokacin da ilmin kimiyya ya bi ta hannun sarakuna da 'yan gayya, da kuma lokacin da wasu matasa suka bi sawun kuɗin Bagega har suka fito.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗaliban da ke aji a yau su ne za su yanke shawarar ko buhun dutse zai sake shiga gida ko kuwa zai tsaya a bayan gari. A babi na gaba za a dubi rawar da waƙoƙin baka da shirye-shiryen rediyo suka taka wajen wayar da kan jama'ar yankin a kan wannan al'amari.